Babu Wanda Ya Sani, Ko Kuwa Babu Wanda Ya Faɗa?

Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da ya sa muka ɗauko wannan karin magana shi ne wani fim na ƙasar Japan da aka fito da shi cikin 2004, mai suna Dare mo Shiranai, watau Babu Wanda Ya Sani. Wanda ya tsara shi, Hirokazu Kore-eda, ya gina labarin ne bisa wani mummunan al'amari da ya auku ga wani iyali a birnin Tokiyo cikin 1988. Mai yiwuwa ne wani daga cikin masu karatu ya ce, ina ruwan ɗalibi mai fama da jarrabawa, ko ƙaramin ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata, da abin da ya faru a wata uwa duniya shekaru fiye da 35 da suka wuce? To, a yi haƙuri a bi mu sannu. Mu dai a ganinmu tambayar da fim ɗin nan ya yi wa mutanen Japan ta fi kama mu, mu da muke alfahari da zumunci da riƙon maƙwabtaka.

Ga yadda ainihin abin ya faru. A unguwar Sugamo ta birnin Tokiyo akwai wata mata da ke zaune a ɗakin haya tare da 'ya'yanta, kowanne da ubansa dabam. Ba ta yi musu rajistar haihuwa ba, ba ta kuma sa su makaranta ba, saboda haka a idon hukuma yaran nan ba su ma zo duniya ba. Wajen ƙarshen 1987 sai ta bar wa babbansu, yaron da shekarunsa ba su wuce 14 ba, 'yan kuɗi kaɗan, ta tafi wurin wani namiji da ta samu. Yara huɗu suka zauna su kaɗai wajen wata tara, sai cikin Yuli na 1988 mai gidan hayar ya sanar da 'yan sanda. Da aka shiga ɗakin aka tarar da yara uku yunwa ta ci ƙarfinsu, aka kuma tarar da gawar wani jariri wanda ya mutu tun da daɗewa aka ɓoye. Autarsu ba a gan ta ba, sai daga baya bincike ya nuna abokan babban yaron ne suka buge ta ta mutu, aka kai gawarta wani daji wajen garin Chichibu. Uwar ta kawo kanta sa'ad da ta ga labari ya bazu. Kotu ta yanke mata ɗaurin shekara uku, amma aka jingine hukuncin.

Kore-eda ya yi wajen shekara 15 yana juya labarin nan a ransa kafin ya mai da shi fim. Ya sauya sunaye, ya sassauta waɗansu abubuwa, har mutuwar autar ma ya mai da ita faɗowa daga kan kujera. Aka yi kusan shekara guda ana ɗaukar fim ɗin, domin mai kallo ya ga gashin yaran yana tsawo, tufafinsu suna yi musu kaɗan. Yaron da ya fito a matsayin babban wa, Yuya Yagira, ya ci kyautar gwanin wasa a bikin finafinai na Cannes a ƙasar Faransa cikin 2004 yana da shekara 14, ba a taɓa ba wanda ya kai shi ƙuruciya wannan kyauta ba.

A cikin fim ɗin, uwar ta kama haya ta nuna wa masu gida ɗa ɗaya kaɗai, Akira, mai shekara 12. Ƙananan biyu a cikin akwatunan tafiya aka shigo da su, ɗayar kuwa sai da dare aka lallaɓo da ita. Aka kafa musu doka, ba hayaniya, ba fita waje. Ran nan uwa ta bar takarda da kuɗi ta tafi. Akira ya riƙa cefane, yana lissafin kuɗin wuta da na ruwa kamar magidanci, har kuɗi suka ƙare, aka yanke wuta, aka yanke ruwa, yaran suka koma ɗiban ruwa da wanki a famfon filin wasan unguwa. Da ƙanwarsu Yuki ta mutu, sai ya sa gawarta cikin akwati, shi da wata yarinya 'yar makaranta da suka saba, suka hau jirgin ƙasa suka binne ta kusa da filin jirgin sama na Haneda.

Wanda duk ya kalli fim ɗin da idon basira zai ga sunan da aka sa masa habaici ne. Ashe mutane da yawa sun sani, kowa ya san ɗan yanki. Ma'aikacin kantin unguwa ya san yaron nan yana jin yunwa, gama shi ke miƙo masa ragowar abinci ta ƙofar baya. Matar mai gidan haya ta leƙa ɗakin, ta ga ƙazanta, ta ga yaran da ba a gaya mata da su ba, aka ba ta amsa ta karɓa ta juya. Mazan da uwar ta yi tarayya da su a da, Akira ya bi su har wurin aikinsu, suka sallame shi da 'yan canji, ɗaya ma ya yi musun yarinyar tasa ce. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu, waɗansu ma har sun yi ɗan alheri. Amma kowannensu ya ba da abin da zai kwantar da hankalinsa ne, sa'an nan ya kau da kai. Wannan shi ne laifin da fim ɗin ya tona, laifin da babu kotun da ke hukunta shi.

Mun sani da yawa daga cikinmu za su ce ai wannan halin mutanen manyan birane ne, inda mutum zai shekara goma bai san sunan maƙwabcinsa ba, mu kuwa a ƙasar Hausa ɗa na kowa ne. Lalle haka muka tashi muka ji, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Cikin Agusta na 2020 aka kuɓutar da wani yaro mai kimanin shekara goma a Birnin Kebbi, wanda bayan rasuwar mahaifiyarsa aka ɗaure shi cikin dabbobi wajen shekara biyu a gidan ubansa, aka kama uban da matansa. Cikin wannan wata kuma aka fito da wani mutum mai kimanin shekara 30 a Kano, wanda aka kulle a gidan mahaifinsa shekara bakwai, ya rame har ƙashi. Gidajen nan biyu cikin gari suke, katanga jikin katanga. Shin a cikin shekara biyu ba macen da ta shiga barka ko ɗiban wuta? A cikin shekara bakwai ba wanda ya tambayi uban a masallaci ina wane yake? An tambaya mana, ko kuwa an yi niyyar tambaya aka haɗiye. Abin da ya ɓoye yaran Tokiyo ƙofa ce da makulli. Namu kuwa kunya da kawaici suke ɓoye su, da tsoron kada a ce mutum ya cika sa-ido.

Bari mu kawo maganar kusa. Mu ɗauki Darna Sabon Gari, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Illela a Jihar Sakkwato. Ba don mun ji wani abin kunya game da mutanenta muka ambace ta ba, Allah ya kiyaye. Mun zaɓe ta ne domin zamanta misali ne na zaman dukan garuruwanmu na bakin iyaka. Daga Illela ɗan taki kaɗan ne zuwa Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, mutanen gefen biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwar juna, balle ran Lahadi da kasuwar dabbobi ke ci. A irin wannan wuri tafiya ita ce rabin sana'a. Da an kai gero rumbu magidanta sun kama hanyar ci-rani, wani Kurmi, wani Abuja, wani arewa ta Tawa, a bar mata da yara da ɗan abin da ya samu, da alkawarin aike. Idan aure ya mutu, uwa ta koma gidansu, yara su zauna hannun kishiyarta. Idan ta tafi da su, sabon miji sau da yawa ba ya son agola. Matar Sugamo ta ɓoye 'ya'yanta ne domin ta san masu ba da haya da masu neman aure ba su maraba da mace mai yara huɗu. Wace bazawara ce a ƙasarmu ba ta san wannan hali ba?

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, a garin iyaka idan aka daina ganin yaro, amsa tana nan a shirye tun ba a tambaya ba. Za a ce an ba da shi riƙo. Za a ce an kai shi gabas karatun allo. Za a ce yana tsallake wurin kakarsa a Ƙonni. Galibi kuwa gaskiya ce ake faɗa, domin waɗannan al'adu ne da muka gada, sun kuma raini mutane masu yawa cikin mutunci. To, amma saboda amsoshin nan sun saba zama gaskiya, shi ya sa ran da ɗaya ta zama ƙarya ba mai ganewa. Mutanen wannan gefe suna zaton yaro yana can, mutanen can suna zaton yana nan, alhali kuwa yana ƙuryar ɗaki, ko yana kwana a tasha. Yaron da ƙasashe biyu za su iya cewa nasu ne, shi ne wanda ya fi sauƙin sulluɓewa a tsakaninsu.

Bugu da ƙari, zaman da aka sani a da ya girgiza. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba na 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar cikin Yuli na 2023, har zuwa Maris na 2024. Duk sa'ad da aka rufe, mai turin kura da ɗan dako da dillali su ke fara ji a tukunyarsu, magidancin da ba shi da niyyar tafiya sai ya tafi. Ga kuma ta'asar 'yan bindiga a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, wadda ta tashi ƙauyuka, dubbai suka ƙetare zuwa ƙasar Maraɗi, waɗansu suka watsu cikin garuruwa suna fakewa a kangaye da rumfuna. Mace mai gudun hijira da ta sauka a unguwar da ba ta da kowa, idan ta fita neman abinci ba ta dawo ba, wa zai san yara nawa ta bari? Maganar nan da muke yi cewa a garinmu kowa ya san kowa, yanzu tana bukatar a sake auna ta.

Sai kuma maganar rajista, wadda ita ce tushen abin da ya sami yaran Sugamo. A Japan kowane iyali yana da littafin rajista da suke kira koseki, wanda duk ba ya ciki makaranta ba za ta neme shi ba, domin ba ta san da shi ba. Can dai yaro marar rajista baƙon abu ne. Mu nan fa? Doka ta 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, ta ɗora aikin bisa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Amma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF cikin 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne kaɗai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista a Nijeriya, a Jihar Sakkwato kuwa ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Watau a cikin yara huɗu da ke wasa a ƙofar gida, uku ko fiye hukuma ba ta da labarin zuwansu duniya, balle ta yi cigiyarsu in sun ɓace. An kafa dokar haƙƙin yara ta tarayya cikin 2003, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal kuma ya sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Sakkwato cikin 2021. Madalla da wannan. Amma doka ba ta iya kare wanda ba ta san sunansa ba.

Kada wani ya ce aikin ya fi ƙarfinmu. Ran 25 ga Agusta na 2020, cikin watan da aka fito da yaron Kebbi da mutumin Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shelar cewa an raba nahiyar Afirka da asalin ƙwayar cutar shan-inna. Ta yaya aka kai ga haka? Mata masu allurar rigakafi ne suka bi gida gida, har gidajen da aka rubuta ba a shiga a zaurensu, suna tambayar yara nawa ne, suna ɗiga magani, suna yin alama da alli a jikin katanga, da goyon bayan hakimai da dagatai da masu unguwanni. Ashe dai idan an so shiga gida ana shiga, cikin mutunci, ba tare da an keta haddin kowa ba. Ƙasar da ta iya kai ɗigon magani bakin kowane yaro ba za ta kasa rubuta sunansa a littafi ba.

Akwai masu cewa irin wannan kira zai buɗe ƙofar shisshigi da tsegumi, ya ɓata zumunci, ya sa maƙiyi ya kai ƙarar maƙwabcinsa don ƙeta. Ba mu raina wannan magana ba. A cikin fim ɗin ma, sa'ad da wata ma'aikaciyar kanti ta ba Akira shawara ya je wurin hukuma, ƙi ya yi, domin ya san raba su za a yi, kowa a kai shi wani gida. Yaro ya gwammace yunwa tare da ƙannensa bisa ƙoshi shi kaɗai. Don haka muke cewa caji ofis ba shi ne matakin farko ba. Muna da abin da mutanen Tokiyo ba su da shi: mai unguwa, da liman, da dattijuwar unguwa wadda ba gidan da ake hana ta shiga, da kawu da gwaggo waɗanda al'ada ta ba su ikon magana. Yawancin gidajen da yara ke wahala, talauci ne da rashin mataimaki ya kai su, abin da suke bukata kwanon hatsi ne da wanda zai leƙo kullum. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da ofishin jin daɗin jama'a domin irin wannan aka kafa su. Amma fa inda aka ga ɗauri, ko tabon duka, ko yaro yana ramewa alhali sauran 'yan gidan suna ƙiba, to, kawaici ya ƙare, wanda ya yi shiru a nan yana da kamasho a cikin laifin.

Bisa ga haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ƙananan ma'aikata da abubuwa huɗu, ba kuwa wanda ke bukatar kasafin kuɗi. Na farko, kowane ɗalibi da ya koma gida hutu ya bincika ƙannensa da 'ya'yan yayyensa nawa ne ke da takardar haihuwa, ya ɗauki waɗanda ba su da ita ya kai ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukumarsu. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa, maimakon a ƙare hutu a bikin rawa da rabon kalanda, su ware kwana biyu su yi wa mazaɓa ɗaya wannan aiki. Na biyu, malamin makaranta da ya kira suna mako guda ba a amsa ba, kada ya ja layi ya wuce. Ya aika, in ba a zo ba ya taka da ƙafarsa. Na uku, ma'aikatan asibiti da masu rigakafi da malaman jin daɗin jama'a, idan suka ga gidan da bara aka ƙirga yara biyar bana huɗu, su tambaya, su kuma rubuta amsar da aka ba su. Na huɗu, idan aka ce an ba da yaro riƙo ko an kai shi karatu, dangi su san garin, su san sunan malamin ko mariƙin, wani ya je ya gano shi ko da sau ɗaya a shekara. Wayar hannu tana aljihun kowa, jin muryar yaro ba ya cin kuɗin mota.

Muna kuma da magana da marubutanmu da masu wasan kwaikwayo, na Kano da na gidajen rediyo da talabijin. Sa'ad da abin Kebbi da na Kano suka fito, hotunan waɗanda aka zalunta ne suka yi ta yawo a wayoyi, aka yi Allah wadai na mako guda, aka tsine wa matan uba, sa'an nan aka manta. Kore-eda bai bi wannan hanya ba. Ya rufa wa yaran asiri, bai mai da uwar dodo ba, ya nuna ta mace mai wauta da son zuciya wadda ita ma maza suka gudu suka bar ta da ɗawainiya. A Sugamo uwar ce ta tsaya gaban alƙali, fim ɗin kuwa sai ya sa mai kallo ya tambayi kansa ina ubannin suke. Labarin da ya ɗora laifi duka bisa muguwar kishiya yana sa mai kallo ya tashi yana jin shi mutumin kirki ne. Wanda muke bukata shi ne wanda zai sa mutum ya fito daga kallo ya tuna da wani gida a layinsu.

Fim ɗin ya ƙare ne da yaran da suka rage suna tafe bisa titi da rana tsaka, ɗauke da ledar ragowar abinci, mutane suna wucewa ta gefensu. Mai fim bai kawo musu ɗauki ba, ya bar wannan a hannun masu kallo. Mu da Allah ya ba ilmi, aka kuma ɗora mana rajista da alli da hatimin ofis, ba mu da hujjar cewa ba mu sani ba. Kowannenmu ya zauna ya lissafa yaran gidajen da ke kewaye da nasu, ya ga ko akwai wanda ya kwana biyu bai gani ba. In akwai, ya yi sallama ya tambaya tun yau, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka, amin.